Sawu a Cikin Bango

Ni ce Frauke, 'yar Tewes mai gyaran bango.
Shekara talatin ina hawa tsanin nan
a birninmu na bakin tekun Baltik,
inda iska ke zuwa da gishiri a baki
tana lasar cocinmu kamar akuya ta sami kanwa.

Ƙasarmu ba ta da dutse.
Da kakanni suka so gina ɗakin Allah
sai suka sunkuya suka ɗebi laka,
suka gasa ta har ta yi ja.
Tubali kan tubali, shekara tamanin.
Wanda ya haƙa harsashi bai ga rufi ba,
wanda ya ga rufi bai san sunansa ba.

Kuɗin kifi ne, kada a ruɗe ka.
Fatake masu gangunan gishiri
kowa ya sayi ginshiƙi guda
don a tuna da shi ranar hisabi.
Na attajiri Marquard ne ya karkace.
An ce mudunsa ma haka yake.

Shigo ka ɗaga kai.
Bakan gizo ya sarƙe da bakan gizo
kamar yatsun mai roƙo,
ɗaurin guga can ƙololuwa,
inda tattabara ma sai ta yada zango kafin ta kai.
In ka yi tari a bakin ƙofa
za ka ƙirga bakwai kafin ya mutu.

Hasumiya biyu aka zana.
Ɗaya ta kai, ta sa hular tagulla
wadda ruwan sama ya rina kore.
Ɗayar tana wuyan taga ta uku
annoba ta sauko daga jirgin ruwa.
Magina goma sha tara suka sauka da yamma,
huɗu suka dawo.
Aka rufe mata kai da katako, wai kafin baɗi.
Baɗin nan ya haura shekara ɗari shida.

Masu sabuwar aƙida suka zo da farar ƙasa
suka shafe waliyyai daga bango.
Amma danshi ba ya jin wa'azi:
duk shekara sai ido guda ya leƙo,
ko gefen shuɗiyar riga.

A yaƙin da ya ci kakana
mata suka sauke gilasan tagogi
suka binne su a akwatunan yashi.
Wuta ta cinye rufi, ta bar haƙarƙari.
Ranar mayarwa, tsohuwa Gesche
idonta ya riga ya yi hazo.
Har yau masuncin da ke tagar gabas
hannayensa biyu duk na hagu ne.
Ba wanda ya yarda a gyara.

Jiya, can sama a bangon arewa,
inda ba mai zuwa sai ni da hankaka,
na iske tubalin da gishiri ya ci.
Na zaro shi. A cikinsa, sawun ƙafa,
bai kai tafin hannuna ba.
Yatsu biyar, babban ya nutse ƙwarai.
Yaro ne a guje ya taka ɗanyen tubali
a filin shanya, wata rana mai zafi,
ƙila uwa na biye da shi da tsawa.

Littafin coci ya san limamansa,
ya san Marquard da kuɗinsa.
Wannan bai san shi ba.
Ya tsallake annoba? Ya yi gemu?

Doka ta ce in sa sabo mai hatimin bana,
ga shi nan a bokitina.
Na daɗe zaune a kan katako,
ƙararrawa ta buga huɗu, ta kaɗa min haƙora.
Sai na juya tsohon,
ciyayyen gefe ciki, lafiyayye waje,
na shafa masa kwaɓi, na mayar da shi.
Zai ƙara shekara ɗari
in iska ta yi adalci.

Sabon kuwa na sauko da shi gida.
Yana tokare min ƙofar kicin.